Maginin da Ke Nuna wa Ruwa Hanya

A kowane gida na ƙasar Tchaké, wurin da ya fi ko'ina ƙanƙanta shi ne ya fi ko'ina shan ruwa. Ɗakin kwana wata uku ko huɗu kawai yake ganin ruwa a shekara, shi ma daga sama, ga rufi ga indararo suna kare shi. Makewayi kuwa kullum a jiƙe yake, rani da damina, kuma ruwansa daga ciki yake zuwar masa, yana sauka daidai gindin bango, inda ginin ƙasa ya fi rauni. Shi ya sa nake ganin ba a zaure ake gane gwanin magini ba, ba kuma a soron maigida ba. Wanda yake son ya san hannun magini, ya zaga bayan gida ya duba inda ake wanka bayan damina uku.

Tchaké ƙaramar hukuma ce a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi. Jigawa ce, ƙasar gero da wake da gyaɗa. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, tsohon kwari ne da goriba ta cika, kuma a cikinsa ruwan ƙasa ya fi kusa. Da ka hau tudu sai rijiya ta yi nisa, har wani wuri sai an ɗaura wa sa ko jaki igiyar guga. Wasu garuruwan yanzu sun samu shato, wato tankin ruwa na sama, da famfunan unguwa, amma a can ma kowane bido, wato jarka, da kuɗinsa, kuma sai mace ko yarinya ta ɗauko a ka, ko amalanke ya kawo. Wato ruwan wanka sau biyu yake neman hankali a nan. Wajen shigowa gida yana da tsada, wajen fita kuma yana da ɓarna. Gwanin da nake magana a kansa shi ne wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa tun kafin ya kwaɓa kwano ɗaya na siminti.

Makewayin da aka gada ba shi da wuyar yi. A zaɓi kusurwa a bayan ɗaki, a kewaye da darni na kara ko zana, a zuba tsakuwa, a ajiye faffaɗan dutse ko guntun tsohon turmi wurin taka ƙafa. Rairayi ya shanye ruwan, rana ta busar da saura. In wurin ya fara ɗoyi a matsar da darnin gaba. Dabara ce mai kyau, kuma har gobe tana aiki inda fili ke da yawa, mutane kaɗan. Amma gidaje sun cika, an ja katanga, maƙwabci ya matso, babu sauran inda za a matsa. Ga kuma sabulu. Kumfa da maiƙon jiki suna liƙe ƙofofin rairayi a hankali, har ƙasar da ta saba shanye bokiti nan take ta koma tana riƙe ruwa wuni guda. Daga nan sai ruwan ya nemi hanya da kansa, kuma hanyar da yake samu ita ce ta gindin katanga ko ta lungun da jama'a ke bi zuwa masallaci.

Ranar da aka kira gwanin magini, ba ya zuwa da cokalin gini. Da tambaya yake zuwa. “Maigida, mutum nawa ke wanka a nan? Ina rijiyar da ta fi kusa? Da damina, ta ina ruwan tsakar gida ke fita?” In yana da sabo da gidan, yakan sassauta murya ya ƙara da cewa, “Akwai mai juna biyu a ciki?” Wanda bai san aikin ba zai ɗauka shisshigi ne. Shi kuwa yana lissafin wankan jego ne, kwana arba'in ana dafa ruwa safe da yamma ana watsawa da ganye, ruwa mai zafi kuma mai yawa. Makewayin da bai ɗauki wannan ba, ba a gina shi don gidan Bahaushe ba. Sai kuma ya tsaya ya dubi gabas. Daga can hadari ke tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, don haka shi zai fi kauri da yaɓe. Hunturu ma daga arewa maso gabas yake busowa, saboda haka ba a buɗe ƙofa ta wannan fuska, in ba so ake tsoho ya ƙi wanka daga Disamba har Janairu ba. In kuma za a haɗa da salga, sai ya karkata matakinta kudu da arewa, don kada mai biyan buƙata ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Zancen salga shi ne inda yakan yi gardama ta farko da masu gida. Mutane da yawa suna so a yi wanka bisa murfin salga, ruwa ya gangara cikin ramin, an huta da haƙa biyu. Gwani ba ya yarda. A ƙasa mai rairayi, ramin da ake ɗura wa ruwa kullum bangonsa zaizayewa yake ta ciki, ba wanda ya gani, har ranar da damina ta ƙarasa shi ya rufta, wani lokaci da mutum a kai. Ga cika da wuri, ga wari. Don haka rami biyu yake so, kowane da aikinsa, ko da bango ɗaya ya raba wuraren. Salgar takan samu murfin siminti mai matakin ƙafa da marfi, irin wanda aka fara yaɗawa daga Mozambik da Malawi kafin ya iso ƙauyukan Nijar. Duka ramukan kuwa yakan nisanta su da rijiya. Ma'aikatan tsafta sukan ce aƙalla mita 30, kuma gindin rami ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A kan tudu wannan ba abin damuwa ba ne. A cikin kwarin gulbi kuwa, inda ruwa ke kusa, magini mai tsoron Allah yakan auna da taki sau biyu.

Sai babban aikin, wanda ido ba ya gani amma shi ne komai: gangara. Daɓen makewayi ba ya son ya zama shimfiɗaɗɗe. Dole kowane taki nasa ya karkata zuwa wuri guda, bakin rariya, karkata kaɗan, kamar santimita 2 a kowace mita. In ta gaza haka ruwa ya kwanta. In ta wuce da yawa, bokiti ya zame, tsohuwa ta kasa tsugunno. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn wuri, kuma samunsa shi ne gwaninta. Magini yakan ɗauko dogon tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, ya ba yaronsa baki ɗaya shi ya riƙe ɗaya. Tunda ruwa a cikin tiyo ɗaya daidai yake tsayawa a bakin nan biyu, da shi suke zana layi a bango kewaye da wurin. Daga wannan layi ake auna ƙasa: nan yatsa goma, can bakin rariya yatsa goma sha biyu. Sai ya dasa ƙananan tudun siminti a kusurwoyi a matsayin shaida, ya ja katako miƙaƙƙe a kansu. Abin yana da daɗin kallo. Hannunsa na tafiya a hankali, yana rage nan yana ƙara can, yana tsugunnawa har kuncinsa ya kusa taɓa ƙasa don ya hango inda ya yi kwari. Yana yi yana ce wa yaron, “Kai, kar ka dubi siminti, dubi inda ruwa zai bi.” Da daɓen ya kama jiki, sai ya yi gwajin da ba ya ƙarya. Ya tsaya a kusurwa mafi nisa ya juye bokiti guda, kowa na kallo. In ruwan ya tattaru ya bi ta rariya bai bar ko tafin hannu ba, aiki ya yi. In ya bar ɗan tabki, gwani na gaske ba ya cewa rana za ta busar. Fasawa yake ya sake.

Kwaɓin ma da iliminsa. Ba kowane rairayi ke yin gini ba, duk da ƙasar rairayi ce. Na jigawa ya cika laushi, ga ƙura, sai ya sa daɓe ya yi ta tsagewa. Mai tsakin-tsaki ake nema, na bakin ƙorama, a tankaɗe shi. Magini yakan damƙa a hannu ya saki, in ya bar jan ƙasa a tafinsa ya ce a canza. Gindin daɓe kwano ɗaya na siminti ne, biyu na rairayi, huɗu na tsakuwa. Shafen sama kuwa ɗaya da uku, babu tsakuwa. Ko simintin Malbaza aka samu ko wanda ya hauro daga Sakkwato, buhun kilo 50 ne, kuma in ya sha raɓa ya yi gudaji ba ya ƙara amfani. Abin da ya fi ba magini wuya shi ne bayan an gama. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, jiƙa ce. Yana buƙatar ya zauna da laima aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, daɓen da aka bari a rana kwana biyu ya riga ya ƙone. To ka gaya wa matar da ta ɗauko ruwa a ka daga nesa cewa ta zuba wa ƙasa safe da yamma har mako guda. Nan ne ake ganin magini mai hankali. Yakan je da kansa ya yi sallama, ya ce, “Uwargida, ruwan ɗauraya ma ya isa, kada a taɓa na sha.” Ya rufe daɓen da tsofaffin buhuna ko rairayi mai laima don ruwa kaɗan ya daɗe. Ya kuma toshe ƙofar da ƙaya saboda awaki da yara.

Bayan daɓe, gindin bango shi ne wuri na biyu da ake rasa gida. Siminti da ginin ƙasa ba sa riƙe juna. In aka shafa shi kai tsaye bisa tubali, shekara ɗaya ko biyu sai ya kumbura ya ɓamɓare, ruwa ya shige bayansa ya ci bangon a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ko tsagar da ƙadangare ya raina ta ishe shi. Gwani yakan fara jeri uku ko huɗu na ƙasa da bulon siminti, sannan tubalin ƙasa ya hau kai. In bangon tsoho ne ba za a rushe ba, ya kakkafa ƙusoshi ko ya ɗaura ragar waya don shafen ya sami abin kamawa, ya ɗaga shi har ƙugu, iyakar inda fantsamar ruwa ke kaiwa. Inda daɓe ya haɗu da bango kuma ba ya barin kusurwa mai kaifi. Yakan bi da gindin kwalba ya lanƙwasa wurin, ta yadda datti ba zai maƙale ba, tsintsiya kuma za ta wuce. Magabata sun san wannan matsala tun kafin zuwan siminti. Da makuba, ruwan kwasfar ɗorawa, suke ƙarfafa daɓe, magina na Kano da Zariya kuma suna haɗa laso daga katsin marina da gashin jima da dafara, su shafe inda ruwa ke duka. Kayan sun canza, amma tambayar da magini ke amsawa ba ta canza ba.

Fuskar daɓe ba ta son sulɓi. Sabon magini yakan goge ta da cokali har ta yi ƙyalli, mai gida ya yaba, bayan wata biyu gansakuka da sabulu su mayar da wurin tarko. Gwani kafin siminti ya kama yakan ja tsintsiya mai laushi a kai, layukan su bi gangara. Masu hali suna sa karo, wato tayil. Nan ma shawararsa ita ce a bar mai ƙyalli ga bango, a shimfiɗa mai kaushi a ƙasa, ko a jera fasassun karo, waɗanda sun fi arha kuma yawan gaɓoɓinsu na riƙe ƙafa.

Daga rariya ruwa ya tafi ina? Wannan ita ce tambayar da ke raba gwani da mai neman kuɗin yini. Huda bango a saki ruwa a lungu abu ne mai sauƙi, kuma shi ne ya cika unguwanni da baƙin kwatami, da sauro, da faɗan maƙwabta. Gwani rami yake haƙawa a bayan bango, nesa kaɗan da tushen gini, zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Girmansa ya danganta da amsar tambayarsa ta farko: gidan mutum 10, in kowa ya yi wanka da lita 15, lita 150 ke nan kowace rana da ƙasa za ta shanye. Saboda rairayi na zubewa, yakan tokare ramin da tsofaffin tayoyin mota a jere, ko gangar da aka cire wa gindi aka huhhuda, ko bulo da aka jera da tazara. Ya cika da manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama. Dutse na da wuyar samu a jigawa, don haka fasasshen bulo da tsingaron tukwane suna shiga. Sai ya rufe da marfi ya mayar da ƙasa. Kafin ruwa ya shiga ramin kuma yakan gina masa ɗan akwati mai marfi, inda rairayin ƙafa da gashi da zaren soso za su kwanta a riƙa kwashewa. Wannan ɗan akwati shi ke sa rami ya yi shekaru bai toshe ba. In tiyo ne ya haɗa su, ya sa masa lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa kullum, ita ke hana wari da kyankyaso dawowa ciki. Wasu gidajen kan dasa zogale ko gwanda kusa da ramin, su ci moriyar laimar. Bedi kuwa a nisanta shi, saiwarsa na ɗaga gini.

Sai bayan duk wannan ya kammala ake zancen dush, ruwan da ke zubowa daga sama. Matasa da suka yi ci-rani a Maraɗi ko Kano ko Agadas suna dawowa da sha'awarsa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma yana da sharuɗɗa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato ganga mai lita 200 in ta cika ta haura kilo 200. Ba a ɗora wannan bisa katangar ƙasa, ba kuma bisa icen da gara ke ci ba. Ginshiƙin bulo ake yi mata, ko ƙafafun ƙarfe da aka dasa a siminti. Ƙarfin zubar ruwa daga tsawo yake zuwa, kuma ɗan tsawon da ake samu a gida ba shi da yawa, don haka kan dush mai ƙananan huji, wanda aka ƙera don famfon birni, ɗigo kawai zai riƙa yi. Gwani yakan zaɓi mai faɗi mai manyan huji, ya ɗaga gindin ganga kamar mita ɗaya sama da shi, ya rage gwiwoyin tiyo. Bakin fitar ruwa ba ya sa shi a can gindin ganga, yakan ɗaga shi yatsa uku don rairayi ya kwanta a ƙasa. Ganga baƙa ce ko a shafa mata baƙin fenti, rana ta ɗumama ruwan wankan yamma lokacin ɗari ba a ƙona kara ko ice ba. Marfi dole ne. Tiyon roba kuma a binne shi ko a rufe, domin ranar Maraɗi gasa shi take har ya riƙa karyewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda yake sa makunnin. Daidai hannu, mai juyi ɗaya, yadda mutum zai jiƙa jiki ya rufe, ya saɓa sabulu, ya buɗe ya ɗauraye. Dush ɗin da aka bari yana zuba na iya cinye bido guda cikin mintoci kaɗan, alhali wankan bokiti da kwarya lita 10 zuwa 15 ya wadatar. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar yake wanka, abin da bai kai rabin bokiti ba. Gyaran da zai ninka wahalar masu ɗebo ruwa ba ci gaba ba ne. Haka kuma in tiyon shato bai iso gidan ba, wa zai riƙa hawa da ruwa sama? Magini na kirki yakan yi wannan tambaya a gaban maigida, don ya san a kan ƴan mata aikin zai faɗa. In babu amsa, ya ba da shawarar bokiti mai lita 20 da aka sa wa makunni a gindi, a rataye shi a ƙarfe. Yana ba da daɗin dush, kuma ruwan ba ya wuce abin da aka zuba.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa in an yi ginin daidai. Shara da tsintsiyar kaba, toka ko ɗan ruwan jabel ga gansakuka, kwashe akwatin rariya ranar Juma'a. In kan dush ya toshe, a kwance shi a jiƙa a ruwan lemun tsami, a bi hujin da allura. In makunni na ɗiga, yawanci ƴar robar ciki ce ta cinye, kuma ana yanko madadinta daga tsohon tib na babur. Tsaga kuwa, komai ƙanƙantarta, a faɗaɗa ta kaɗan, a jiƙa, a cike kafin ruwan farko. Daminar 2024, wadda ta rushe dubban gidajen ƙasa a jihar Maraɗi, ta nuna wa kowa abin da ruwa ke yi wa bangon da gindinsa ya riga ya jiƙa.

Wannan aiki ba ya jawo wa mai shi suna. Ba a kai baƙo ya ga rariya, ba kuma a yi wa maginin makewayi kirari. Amma lafiyar yaran gida, da sutura ta matan gida, da zaman lafiya da maƙwabta, duk suna rataye da santimita biyun nan da ya auna. Saboda haka, maigida, in ka sayar da wake ko gyaɗa bana kana son gyara wurin wanka, kada ka fara da sayen kan dush a kasuwar Mayahi. Fara da daɓe da rami, ka yi aikin bayan girbi tun da sauran sanyi, lokacin da siminti ba ya ƙonewa. Ka nemi maginin da zai yarda ya juye bokiti a gabanka, in ruwan ya wuce ka biya shi haƙƙinsa cikakke ba tare da ja-in-ja ba.